Rasit ɗin Goggo a Akwatin Masallaci

Ban taɓa hawa jirgin ruwa ba. A Madina aka haife ni, tsakanin duwatsu da dabino, don haka teku a wurina abu ne da Goggo, yayar Babana, take kawowa a bakinta duk sa'ad da ta tsallako daga Sudan yin Umra. Takan ce da hantsi ruwan kan kwanta kamar faifan azurfa da aka goge. Nakan rufe ido in gan shi.

A wannan shekarar ta sauka gidanmu a Aziziyya. Saura kwana biyu jirgin ruwanta ya tashi daga Jidda zuwa Sawakin ta Sudan, saura huɗu bizarta ta ƙare, sai saƙo ya shigo wayata: an ɗage tafiyar da kwana goma. Wanda ya wuce wa'adin biza, tara ce, kuma ana iya hana shi dawowa. Tarar ba ta dami Goggo ba. A ce ba za ta sake yi wa Manzon Allah sallama a gaban kabarinsa ba, wannan ne ya sa ta ajiye kofin shayinta.

Baba yana gonar dabino a Badar, sai Juma'a zai dawo. Na yafa abayata na ce ta taso.

Ofishin da ta sayi tikitin komawa yana unguwar Sih. Mai ofishin dattijo ne, Bahaushen Sudan, rabin maganarsa Larabci. Ya ce tunda su suka canja rana za su mayar da kuɗin duka, kuma akwai jirgin wani kamfani da zai tashi ranar Alhamis.

"Amma, ya binti, sai da fatura. Rasit ɗin nan mai hatimi. Kuɗi hannu ta biya. Ba fatura, ba riyal."

Ba mu da kuɗin sabon tikiti a gida sai an mayar da wancan. Muka koma, na zazzage jakunkunanta uku. Dabino, lalle, carbi, darduma, babu rasit.

"Goggo, wata 'yar takarda ruwan ɗorawa, ki tuna."

"Mai Bismillah a sama?"

"Ita!"

"To ai na kai ta inda ya dace. Sunan Allah zan bari a jaka ɗaya da takalma?"

Nan take hankalina ya kwanta, domin na san wurin. A jikin masallacin unguwarmu akwai akwatin ƙarfe mai siririn baki, inda ake jefa takardun da ke ɗauke da aya ko sunan Allah don kada a taka su. Goggo ba ta iya karatun boko ba, amma Bismillah ko daga nesa ta gane ta.

Makullin yana hannun mai sharar masallacin, wani tsoho mutumin Chadi. Bayan La'asar na gaishe shi na faɗa masa. Ya dubi Goggo ya girgiza kai.

"Hajiya, da kin bari sai gobe, da mota ta kwashe. Da takardarki ta riga ki tafiya."

"Da ta tafi da mutuncinta," in ji Goggo.

Ya buɗe, ya shimfiɗa mana tabarma a inuwa. Muka zauna muna ɗaga takardu ɗaya-ɗaya da hannun dama: shafukan Alƙur'ani da suka tsufa, katin ɗaurin aure, kalandar bara, jarrabawar wata yarinya da ta ci tara bisa goma. Na ji kamar asirin unguwar duka nake shafawa. Hancina ne ya fara samo takardar. An ninke ta huɗu, tana ƙamshin turaren Goggo.

A mota na karanta bayanta, ƙananan layukan da ba mai dubawa. Da muka isa ofishin na ɗora yatsa a kan layi na bakwai.

"Baba, nan an ce in ku kuka ɗage tafiya, kuɗin motar Jidda da fasinja ya riga ya biya ma a kanku yake."

Ya sa tabarau ya karanta, ya shinshina takardar, ya yi dariya.

"Hajiya, wannan 'yar taki lauya ce ko ɗaliba?"

"Waƙoƙi take rubutawa. Ka biya ta kafin ta sa ka a ciki."

Ya biya, ya yanka mata tikitin Alhamis. Sabon rasit ɗin ma da Bismillah a samansa. Goggo ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙo mini.

"Riƙe, ɗiyata. In kin ji na sauka Sawakin, ki kai shi akwatin."

Haka na yi, ranar Asabar, bayan ta kira ni iskar teku tana kaɗa muryarta.