Kwamfutar Auta Tana Falon Yaya

Yayanmu ya ɗauke wa Auta kwamfutar aikinta, ya bar mata ta kallon labarai, kuma a dalilin haka ta rasa kujerarta a shagon hoto. A gaban kowa ya ɗauka, har da bisimilla. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai, don har yau babu wanda ya yarda a gidanmu cewa an yi laifi.

Mu biyar Mama ta haifa. Yaya Babba ne na fari, sai ni, sai Malam da ke koyarwa a sakandare, sai Dogo da aiki ya kai shi wata ƙasa, sannan Auta. Tun muna yara, duk abin da za a raba a gidanmu babba ke fara zaɓa. Nama ne, sabulu ne, takalma ne, haka ake bi har a sauko ƙasa. Auta ta saba, ba ta miƙa hannu sai kowa ya janye nasa. Abin da ke isowa gare ta kuwa kullum da lahani: littafi marar bango, kofi mai tsaga, 'yar tsana mai hannu ɗaya. Ba ta kuka. Sai ta koma bayan ƙofa da zare da gam, in an jima ka ga 'yar tsana ta sami hannu, ko da na tsumma ne. Mama takan ce wannan yarinya in an ba ta fasasshen ƙwai ma sai ta nemi ɗinke shi.

Da ta gama makaranta, mai shagon hoto na bakin titinmu ya ɗauke ta tana yanka fasfo tana sawa a ambulan. Oga muke ce masa. Tana yanka tana leƙen abin da yake yi a kwamfuta, in ya fita sallah ta zauna ta gwada. Sannu a hankali ta gane abin da ta iya, wanda shi Oga ba shi da haƙurinsa: gyaran tsofaffin hotuna. Hoton da ruwa ya jiƙa, wanda gara ta ci, wanda yaro ya yage, wanda rana ta koɗar har fuska ta ɓace. Ta yi ta tari har ta sayi wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, baƙa, mai nauyi, murfinta a ɗaure da salatif. Oga ya ba ta kusurwa kusa da taga, da tebur da kujerar roba. Sharaɗinsu shi ne ta zo da na'urarta, don tasa ba ta hutawa da masu fasfo.

Yawancin masu zuwa wajenta hoton mamaci suke kawowa, kuma yawanci shi kaɗai ya rage musu. Takan sa su zauna su ba ta labarin mai hoton kafin ta taɓa komai. Yana da wushirya? Tana da tabo a goshi? Na sha tsokanarta in ce ke aikin hoto kike ko binciken 'yan sanda.

Namu ma ita ta ceto. Bayan rasuwar Mama rufin ɗakinta ya yi yoyo, hotonta guda ɗaya mai kyau ya manne da gilashi, gefen fuska ya tafi har da kunne. Auta ta kira ni shago ta ce in zauna in juya gefe. Na ce me za ki yi da ni? Ta ce, "Anti, kunnen Mama gare ki. Ara mini." Ta ɗauki hoton kunnena ta dasa wa Mama, ta daidaita har ni kaina ban gane inda ta haɗa ba. Ranar da ta kai wa Yaya Babba hoton a firam, ya shige ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Da wannan kusurwar take riƙe gidanta. Mijinta direba ne, wata rana da aiki wata rana babu, ga yara a makaranta. Ba ta taɓa zuwa ƙofar ɗayanmu da hannu a buɗe ba.

To bara tsohuwar kwamfutar ta mutu. Mai gyara ya buɗe ya rufe ya ce ta yi mata addu'a kawai. Ni na kira Dogo na faɗa masa, don na san Auta ba za ta faɗa ba. Dogo, Allah ya saka masa, ya ce da ma yana da niyyar aiko wa 'yan'uwa, bari ya haɗa gaba ɗaya. Ya yi ta tambayata irin aikin kowa. Ya ce kwamfuta ba ɗaya ba ce: akwai ta aikin ofis, akwai ta masu zane da hoto, akwai ta amfanin yau da kullum. Ya saya wa Malam ta rubutu da lissafin sakamakon ɗalibai. Ya saya wa Yaya wata siririya marar nauyi mai daɗewa da caji, don labarai da ƙwallo da gaisawa da jikoki. Ta Auta kuwa ya ce ita ta fi ba shi wahalar nema, mai ƙarfin ɗaukar manyan hotuna, wadda gilashinta ke nuna kala yadda take. Ni waya ya aiko mini, ya ce surutuna ba ya bukatar fiye da haka.

Kuskurensa ɗaya: bai rubuta sunan kowa a kwali ba. Ya ce kunya yake ji, ƙane ba ya yi wa yayansa rabo, a kai gidan Yaya shi ya miƙa wa kowa.

Muka taru a falon Yaya da hantsi, aka jera kwalaye uku a kan tebur. Yaya ya gyara gilashinsa, ya ɗaga wannan ya ɗaga waccan kamar mai sayen kankana. Da ya ji nauyin ta Auta sai ya yi murmushi ya ce wannan ita ce ta manya, ya yi bisimilla ya ja ta gabansa. Malam ya yi wuf ya ɗauki tasa, wadda da ma tasa ce, ya sunkuyar da kai yana karanta bayan kwali kamar jarrabawa za a yi masa a kai.

Na ce, "Yaya, waccan ta Auta ce. Dogo da bakinsa ya faɗa mini. Taka ga ta nan, siririyar."

Ya dube ni ta saman gilashi. "To, Rediyo ta kama tasha. Yau kuma ni za a ba 'yar ƙaramar, Auta ta ɗauki babba? A gidan wa aka taɓa haka?"

Na ce ai ba nama ake rabawa ba, kayan aiki ne. Matarsa ta ce a bar maganar, kyauta ba a yi mata gardama. Na juya wajen Auta ina jira ta buɗe baki. Ta riga ta rungume siririyar a ƙirji. Ta ce, "Anti, ki bari. Kowacce ai kwamfuta ce. Na gode, Yaya." Har da durƙusawa.

A hanya na yi ta faɗa, ita kuma tana cewa za ta lallaɓa. Na kira Dogo, ya ce mu daidaita a tsakaninmu, shi yaro ne.

Siririyar ba ta da laifi, ba don wannan aiki aka yi ta ba. In Auta ta buɗe babban hoto sai kwamfutar ta sandare, ita kuma ta zauna tana kallon ɗan da'irar nan yana juyawa, mai hoto na tsaye a kanta. Aikin da take gamawa kafin azahar ya koma na kwanaki. Wani lokaci tana dab da gamawa komai ya rufe, ta sake daga farko. Wannan duk da sauƙi. Babbar matsalar gilashin ne: yana nuna kala a koɗe, sai ta ƙara don ta ga fuska ta yi daidai, in an wanke hoton kuma ya fito jajir. A sake wankewa, ya fito toka-toka. Oga ya fara ƙunƙuni a kan takardar da ake ɓatawa.

Ina shagon ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta zo karɓar hoton mahaifiyarta. Ta zare shi daga ambulan, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi. Ta ce, "Baiwar Allah, an ce mini ke ce mai dawo da fuska. Wannan ba uwata ba ce. Ba ni tsohon kawai." Ta naɗe yagaggen hotonta a gefen mayafi ta fita. Auta ta zauna ta ɗora hannuwa a cinya. Ban taɓa ganin hannuwan nan a zaune haka ba.

Irin wannan labari ba ya kwana. Masu kawo hoto suka ragu, suka ɗauke ƙafa. Oga ba mugu ba ne, amma shago ba gidan marayu ba ne. Ya ce ta je ta huta tukuna, in ta sami na'urar kirki ta dawo. Yanzu tana gida tana ƙulla ƙanƙara a leda tana sayar wa 'yan makaranta ta taga. Yatsun da suka dasa wa Mama kunne duk sanyi ya tsattsage su. In na yi maganar sai ta ce, "Anti, rabona ke nan." Wannan kalma ta rabo na tsane ta, don na ga wanda ya yi rabon.

Ita kuwa babbar tana falon Yaya, a lulluɓe da farin leshi don ƙura. In baƙi sun zo a yaye a nuna musu, a mayar. Jikoki na kallon zanen barkwanci a kai ranar hutu. Shi da kansa kullum cikin ƙorafi yake: ta cika nauyi ba ta ɗaukuwa zuwa tsakar gida, fankarta na gurnani kamar injin niƙa, caji ba ya kai masa ƙarshen wasan ƙwallo. Na ce to ai ga mai sauƙin can wajen Auta, a musanya mana. Ya ce abokansa sun riga sun gan shi da wannan, me zai ce musu? Kuma in Auta na so ai da ta zo ta tambaya.

Yaya ya san ba za ta tambaya ba. Shi ya raine ta a kan kada ta tambaya.

Shekaranjiya na bi ta gaban shagon. Kujerar robar tana waje an kife ta, wani kafinta na ciki yana auna kusurwar da tef. Oga ya ce injin kwafi zai sa a wurin, amma bai riga ya saya ba, kuma har yanzu akan sami tsoho ɗaya ko biyu su leƙo da hoto a aljihu suna tambayar matar nan ta bakin taga. Ya ce in za ta dawo ta dawo kafin kafinta ya buga ƙusa.

Don haka ga maganata, tunda a falo an ce ni rediyo ce. Dogo, kai ka saya, kai ka san ta wa ce, ka daina ɓuya a bayan ƙuruciya da furfura a gemunka, ka kira Yaya ka faɗa masa da bakinka. Malam, kana wurin, ka ji abin da na ji, ɗago kanka daga kwalin nan. Kai kuma Yaya, hoton Mama yana rataye daidai saman teburin da ka ajiye kwamfutar, kana nuna wa baƙi kana cewa ƙanwarka ce ta gyara. Ka yaye leshin, ka naɗe wayar cajin, ka ɗauka da hannunka ka kai mata gida. Kada ka aiki kowa, kuma kada ka jira ta roƙa. In nauyi ta yi maka, zan riƙe maka jakar har ƙofa.