Gogen Kaka Ba Zai Shiga Wuta Ba

Ruwan fari ya sauka jiya, fatar gogen da ke rataye a ɗakina ta saki, sai na tuna da kakana mai shi.

Bai yarda da fatar akuya ba. "Akuya kuka take, guza ke magana," haka yake cewa. Wata damina ya tafi da ni wasa a garin Bune, laima ta kwantar da muryar gogen. Wani gardi, dogarin kumandan mai mulkin yankin, ya tsaya kansa yana tsawa: "Tsoho, kaɗa mana!" Kaka bai ko ɗago ba. Ya kara fatar kusa da garwashi, ya gyara jaki, ɗan iccen da ke ɗauke da tsarkiya, ya goga ƙaro har ƙamshin ya cika mini hanci. Ya ce, "Ko kumandan ne, ya jira. Ba na kiɗa da karkataccen goge."

Yau kwana uku ɗiyata na zazzaɓi. Uwar mijina ta ce gogen ke jawo iskoki, a ƙone shi. Wallahi tsoro nake ji, ko nono yarinyar ba ta kamawa sosai. Amma na ce, "Inna, ki gafarce ni. Magani zan nema mata. Gogen nan kam a gindinsa na yi wayo, bai taɓa cin kowa ba." Ta fita tana salati. Na sauko da shi, na kara fatar kusa da garwashi yadda Kaka ke yi.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kaka, ya tashi kafaɗun ɗiyata, ta ji muryar nan daidai.