Simintin da Ya Ci Majami'armu

Ku gyara zama, jikoki, ku ba ni kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani.

Majami'ar ƙauyenmu ubana ne ya gina ta, shi da 'yan'uwansa, tun ruwan noman rani bai iso mana ba. Tubalin jar ƙasa ne, bango mai kauri, aka yi ɗaurin guga a tsakiya, aka rufe da azara. Giciyen da ke bangon gabas da yatsansa ya zana shi tun yaɓe yana ɗanye. In na sa nawa yatsan a ciki, sai in ji kamar hannunsa na riƙe. Duk shekara bayan kaka mu mata mukan jiƙa makuba mu shafe bangon, mu daɓe ƙasa muna waƙa.

Ana nan sai ɗana na biyu, mai sayar da kayan gini a Kano, ya sauke buhunan siminti a ƙofar majami'ar.

Ya ce, "Inna, sai dariya ake mana a kasuwar Bunkure, wai a rumbu muke sujada."

Na ce, "To, ka bar min giciyen kakanka."

"Yana nan a ƙarƙashi, Inna. Ina za shi? Ƙafa gare shi?"

Fasto ya yi dariya, ya sa albarka. Suka shafe ciki da waje, suka bi da fenti shuɗi kamar shagon aski.

Bayan bangon gabas ɗin nan gonar shinkafa ce, ruwa kwance rani da damina. Da, bango yakan sha danshi ya fitar, mu gyara. Yanzu yana sha, ba hanyar fita. Sai wari ya fara. Ana addu'a ina toshe hanci da mayafi, warin kamar kwandon tumatirin da ya kwana uku a rana. In ka ƙwanƙwasa bango sai ya amsa kamar ƙwarya.

Wata Lahadi da safe muka tarar simintin gabas ya ɓare ya faɗi, kamar ɓawon gyambo. Abin da ke ciki baƙin taɓo ne yana tsiyaya, ga tana, ga kyankyasai suna gudu a kan bencina. Na sa hannu ina laluben giciyen. Ya nutse har wuyan hannu. Kwana biyu ina wanki da toka, ɗoyin bai fita ba.

Kafin damina ta ƙare rufin ya zauna. Yau a kangon ake zubar da ruɓaɓɓiyar albasa.

Fasto an mai da shi wajen Kumbotso. Ɗana ya gina mana wata majami'ar ta bulo da kwano, zafi kamar tanda, har yau bai ƙara bi ta gaban kangon ba. Matan da muke daɓe tare duk sun riga ni gidan gaskiya. Ni kuwa nakan je sabuwar, in zauna bakin ƙofa, hannun nan nawa ɓoye a cikin zane.