Hotunan da Ba a Karɓa Ba

Ina tankaɗen garin gero a tsakar gida aka kira ni daga Kano. Maigidana ya yanke jiki ya faɗi a lambun shaƙatawar da yake sana'ar ɗaukar hoto, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Da la'asar aka kawo shi Daura.

Bayan sadakar bakwai, abokin sana'arsa ya kawo mana wani kwali. Hotunan mutane ne da aka ɗauka ba su dawo sun karɓa ba. Marigayi ba ya zubar da irinsu, yakan ce fuskar mutum amana ce.

Yayansa ya leƙa ciki, ya ce, "A ƙone su. Mala'iku ba sa shiga gida mai hoto."

Na ce, "Yaya, ba nawa ba ne, balle in ƙona."

"To wa zai mayar? Ke? Wurin nan na samari da 'yan mata?"

Da na fita takaba na ɗaure kwalin da tsohon zane, na hau motar Kano.

Ban taɓa zuwa lambun ba, a hoto na san shi. Tafkin da ake yawo da kwalekwale an cike shi, an jera shaguna a kai. Tsohon maigadin wurin ya ce a da lambun fadama ce ta masu noman albasa, kafin a kewaye ta. Ya nuna mini madacin da marigayi yake rataye jakarsa. Nan na shimfiɗa tabarma, na baje hotunan, na danne su da tsakuwa saboda iska.

Wani ma'aikaci ya tsaya a kaina. "Hajiya, ba a talla a nan."

"Ba sayarwa nake ba, ɗana. Wanda ya ga fuskarsa ya ɗauka."

"Zan kira manaja fa."

"Kira shi. Wataƙila shi ma yana cikin hotunan."

Manajan bai zo ba. Dab da rufewa wata mata mai goyo ta tsuguna, ta daɗe tana dubawa, ta ɗauki hoton wata dattijuwa a bakin tafkin. Mahaifiyarta ce, ta rasu bara. Muka yi wa juna gaisuwa.

Yanzu duk wata nakan je. Yaya ya daina shigowa gidana. Har yau kwalin bai yi rabi ba.