Farin Ƙyallen Seu Altamiro

Shekara arba'in da ɗaya, daga Mayu zuwa Yuli, Seu Altamiro yakan hau dutsen da ke ƙarshen gaɓarmu da sassafe, da fulas ɗin kofi da farin ƙyalle a kafaɗa. Aikinsa kallon teku. A ƙasa maza talatin na zaune jikin kwalekwale suna jiran hannunsa: in ya ɗaga ƙyallen, alamar kifi ya iso ke nan.

Kifin tainha yake jira. Wannan kifi a manyan tafkunan kudu yake girma, inda ruwan kogi ke gauraya da na gishiri, yana kiwo cikin laka. Idan iskar kudu ta kawo sanyi sai ya fito garke-garke, ciki cike da ƙwai, ya bi gaɓa ya yi arewa don ya zuba su a teku. Wucewarsa ta gabanmu ba ta daɗewa. In mai kallo ya makara, gari ya yi asarar shekara.

Daga sama ba kifi ake gani ba, tabo ne mai duhu a kan ruwa. Inuwar gajimare ma haka take. Sai dai ita inuwa iska take bi, garke kuwa hanyarsa yake bi. Wannan bambanci shi ne dukan sana'arsa.

Nereu, wanda ke riƙe da kwalekwale, bai manta ranar da garke mafi girma ya zo teku na hauka ba. Seu Altamiro ya zauna a kan ƙyallensa, ya ƙi ɗagawa. An zage shi har gida. Abin da ya ce kawai: "Kifi zai dawo baɗi. Ku fa?"

Bana ya ɗaga ƙyalle, aka tura kwalekwale, aka zagaya da raga, gari duka ya kama igiya. Raga ta fito babu ko ɗaya. Ana cikin warware ta, garken gaske ya wuce.

"Tsoho, yau gajimare za mu gasa?" in ji Nereu, da Seu Altamiro ya sauko daga dutse. Da ya ga fuskarsa sai ya sassauta murya. "Sun zame ta ƙasan raga ne. Yana faruwa."

"Kada ka rufa mini asiri, Nereu. Inuwa na gani."

Ya miƙa ƙyallen ga 'yarsa Zenaide, wadda ta yi shekara ashirin tana hawa da abincin rana, ta zauna gefensa har yamma.

"Mace a kan dutse?" wani ya ce.

"Kifin da ka ci shekara ukun nan, wa kake zaton ya gan shi? Ita take gani, ni in ɗaga hannu. Yau da safe ta je cire haƙori, shi ya sa kuka kama gajimare."

"Baba, ba sai ka faɗa ba."

"Da na faɗa tun farko ya fi."

Seu Altamiro, kai ne idon gari. Kai ne ka ci zagi don kada a binne kowa. Mun shirya mu yi maka ƙarya, ka ƙi karɓa. Mun gode da kifin shekara arba'in da ɗaya, mun fi godewa da wannan rana. Duk mai riƙe da aikin da mutane suka dogara da shi, ya koya daga nan: ya zaunar da wani a gefensa, kuma ya san ranar sauka.

Bayan kwana tara Zenaide ta ɗaga ƙyalle. Raga ta yi nauyin da sai da aka kira matan kasuwa su kama. Kowa ya samu rabonsa, har matan da mazansu suka mutu, waɗanda ba su taɓa igiya ba, kamar yadda aka saba.

Yanzu Seu Altamiro a ƙasa yake zama, cikin masu jira. Ya juya wa teku baya. Dutse yake kallo.