Shekarar da Loma Ta Tsaya Mini a Ƙirji

Ko na manta da komai na shekarar farin nan, ba za ni manta da yadda aka zura mini tiyo ta baki ba.

Gero ya ƙone a gonakinmu na Tozai tun bai fidda kai ba. Kowa ya rame, shi ya sa ba wanda ya kula da tawa ramar. Ni dai in na kai loma sai ta tsaya mini a ƙirji, sai na kora da ruwa. Wanzami ya leƙa bakina ya ce beli ne, in zo ya yanke. Matata ta ce, "Malam, beli a maƙoshi yake, kai ko ƙirji kake dafewa. Ba da ni ba."

Daga asibitin Isa aka tura ni Sakkwato. Likita ya ce kada in ci komai kafin a duba ni. Na ce, "Likita, bana wanga aiki mun iya shi." Ya yi dariya. Suka fesa mini magani a maƙoshi, suka tura tiyo mai kyamara, suka tsinko ɗan nama. Kwanakin jiran sakamako ko carbi ban iya ja daidai ba.

Da likita ya ce ciwon daji ne a hanyar abinci, ba mutuwa na fara tunawa ba. Maƙwabcina na tuna, wanda aka tsaga wa ciki bai sake duƙawa da fartanya ba. Yarana ƙanana ne, rumbu kuma wayam.

"In kun tsaga ni, wa za shi yi musu noma in ruwa ya dawo?"

"Baba, ba za mu tsaga ka ba. Bai yi saiwa ba tukuna. Ta inda muka gan shi za mu bi mu kankare shi. Da ka jira kaka, da zancen ya sake."

Ban gaskata ba sai da aka yi aikin na farka na shafa cikina, ba ɗinki ko ɗaya. Kunu na yi ta sha har wurin ya warke, kuma har yau ina komawa su leƙa. Damina ta gaba da hannuna na yi shuka.

Lokacin da kowa ke cikin wahala, mutum yakan ji kunyar faɗin tasa. Na koyi cewa ciwo ba ya jiran gari ya yi daɗi, a faɗe shi tun yana ƙarami.