Uwar Duwatsu da Guntun da Ta Juya Daidai

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, labari ya iso mana a sashen nazarin duwatsu cewa kin cika, Malama, bayan doguwar jinya. Abokan aiki suka ce ni zan rubuta ta'aziyya, tunda ni ne ɗalibinki mafi daɗewa. Na karɓa, amma bakina da nauyi, kuma kin san dalili.

Uwar Duwatsu muke ce miki a bayan ido. Da kika ji, dariya kika yi, kika ce ai 'ya'yan naki ba su da ƙiriniya. Aikinki shi ne karanta sandunan dutsen da injin haƙa ke zarowa daga can ƙarƙashin ƙasa, a jera su cikin dogayen akwatunan katako, kowace sanda da zurfinta a rubuce da kibiya mai nuna sama. Ranar da na fara shiga ɗakin ajiya, kika jiƙa wani guntu da yawu, kika miƙo mini gilashin ƙara girman abu da ke rataye a wuyanki. Ni dai dutse na gani. Ke kuwa kika nuna mini zanen igiyar ruwa, da ramin wata tsutsa, da tsagewar laka inda rana ta busar da ita. Kika ce nan bakin teku ne, ruwa na cikowa yana janyewa, kimanin shekara miliyan ɗari biyar da suka wuce, tun kafin itace ya tsiro a doron ƙasa.

Ba ki taɓa kunyata ɗalibi ba. In mutum ya riƙe guntu a kife, har ya mai da teku mai cikowa ya zama mai janyewa, sai ki karɓa ki juya masa a hankali, ki nuna masa yadda manyan ƙwayoyin yashi kan fara kwanciya, ƙananan su biyo baya. Ki ce, "Nemo sama da ƙasa tukuna, sannan ka yi magana." Da matata ta haihu ina tsakiyar rubutun digiri, korata kika yi zuwa gida, kika ce duwatsun da suka jira miliyoyin shekaru ba za su gaza jiran suna ba.

Kina kwance aka ce ana son ɗakin ajiya a mai da shi zauren taro. Aka fito da akwatunan aka jibge a bayan gini, wai na ɗan lokaci. A can damina ta same su. Katako ya ruɓe, rubutu ya wanke, sanduna suka zube suka cakuɗe. Mun fi kowa sanin cewa sandar da ta rabu da zurfinta ta zama tsakuwa, kuma rijiyoyin da aka haƙa aka ciro sandunan an daɗe da toshe su. Tagogin ofisoshinmu duka wurin suke kallo. Kowa na jiran wani ya yi magana. Ni labule na sa.

Sai ga ki wata rana da jiki ya ɗan yi dama. Kika bar 'yarki a mota, kika nufi ɗakin ajiya, kika tarar da kujeru a jere. Na biyo ki zuwa bayan gini ina jan ƙafa. Kika daɗe a tsaye. Sannan kika sunkuya da ƙyar, kika ɗauki guntu ɗaya, kika jiƙa shi, kika duba.

"Wannan a kife yake," kika ce.

Kika juya shi daidai, kika ajiye a kan tarin, kika tambaye ni lafiyar yara. Wallahi da zaginmu kika yi, da ya fi mana sauƙi.

Da muka je gaisuwa, mijinki ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Mun gode, ɗana. Duk wanda ya tambaye ta duwatsun nan, sai ta ce suna hannun yaranta." Na rasa inda zan sa fuskata. Ko a gida ba ki faɗa ba. Na san wannan rubutu zai tone abin da kika rufe, amma ba zan iya riƙe godiyar da ba tamu ba ce.

Baba, mijin Malama, mu da kai da yara da dangi duka, Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, ku kuma ku yafe mana. Malama, Allah Ya jiƙan ki, Ya sa jinya ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinki, Ya sa ilimin da kika bari a kawunanmu ya zama sadaka mai gudana, tunda wanda kika bari a hannunmu mun bar wa ruwa. Ranar da asirin kowa zai fito, Allah Ya rufa miki naki kamar yadda kika rufa mana namu.